Ɗanyen soket da direban sadarwa: abin da ke ƙarƙashin hayaniyar "ƙofar baya" a ƙananan na'urori

A watan Maris na 2025, masu bincike na kamfanin tsaron intanet na Tarlogic da ke Sifaniya suka tsaya a taron RootedCON a birnin Madrid, suka ce sun gano umarni 29 a sashen Bluetooth na ESP32, wani ɗan aisi (ƙaramin guntun lantarki mai haɗa na'ura da Wi-Fi da Bluetooth), waɗanda babu su a takardun bayanin da ake bai wa injiniyoyi. Kafin a ce kwabo labari ya karaɗe duniya da kanun cewa an bankaɗo "ƙofar baya" a na'urori biliyan guda, wato ɓoyayyar hanyar shiga na'ura ba da sanin mai ita ba. Har wanda bai taɓa jin sunan ESP32 ba ya razana, domin ɗan aisin nan da kamfanin Espressif na birnin Shanghai ke ƙerawa yana cikin kwan lantarkin da ake kunnawa da waya, da makullan ƙofa na zamani, da na'urorin auna zafi, da ayyukan kammala karatu na ɗaliban injiniya bila adadin.

Bayan 'yan kwanaki magana ta sauya. Espressif ya ce umarnin na gwaji ne, kuma ba a iya aiko su ta iska daga nesa. Tarlogic ma ya janye waccan kalma, ya koma cewa ɓoyayyen aiki ne. Duk da haka an bai wa lamarin lamba a rajistar raunin tsaro, CVE-2025-27840, kuma Espressif ya yi alkawarin gyaran da zai toshe umarnin. Sai mai karatu ya rasa na kamawa: in babu haɗari me ya kawo gyara, in kuma akwai me ya sa aka janye magana?

Amsar tana cikin wata tambaya da ta girmi ESP32 da shekara talatin da ɗoriya, wato wa ke da izinin yin magana kai tsaye da kayan sadarwar na'ura ba tare da ya bi ta hannun babbar manhaja ba, wato manhajar da ke tafiyar da na'ura baki ɗaya, irin su Windows ko Linux.

Hawa-hawar da saƙo ke bi

Duk abin da ya fita daga na'ura zuwa intanet yana fita ne a ƙunshi-ƙunshi. Kowane ƙunshi yana da goshi, inda ake rubuta daga ina ya fito, ina za shi, da irin abin da ke ciki. A kan wayar Ethernet goshin farko bayit 14 ne: shida adireshin mai karɓa, shida na mai aikowa, biyu na nau'in kaya. A bayansa sai goshin IP, mai ɗauke da adireshin intanet, bayit 20 aƙalla, sannan na TCP ko UDP, wato ƙa'idojin isar da saƙo, sannan ainihin saƙon.

Manhajar da ke son aika saƙo ba ita ke rubuta waɗannan goshin ba. Tana buɗe abin da ake kira soket, tsarin da ya fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1983 tare da babbar manhajar 4.2BSD, ta zuba saƙonta, babbar manhaja ta ƙarasa sauran. A can ƙasa akwai direba, wato 'yar manhajar da ta san yaren kayan ƙarfen, ita ke ɗaukar ƙunshin ta miƙa wa aisin da zai mayar da shi siginar waya ko ta iska.

Wanda ya taɓa aika saƙo ta tashar mota ya san tsarin. Ka miƙa kaya ga ɗan kamasho, shi zai rubuta sunan mai karɓa da lambarka a jikin kwali, ya shigar a littafi, ya zaɓi mota. Soket na yau da kullum ke nan. Ɗanyen soket kuwa kai za ka rubuta komai a jikin kwalin da hannunka ka miƙa ta taga, babu mai duba ko sunan da ka sa a matsayin mai aikowa naka ne.

Ɗanyen soket ma hawa biyu ne. Akwai wanda ke ba ka damar rubuta goshin IP da kanka, akwai kuma wanda ya fi shi zurfi, da Linux ke kira AF_PACKET, wanda ke ba ka ƙunshin Ethernet ɗungurungum, har ka iya sauraren abin da ke wucewa ta wayar ko ba naka ba ne. Ƙasa da wannan sai taɓa direba kai tsaye, inda mutum ke aika wa aisin rediyo umarni da kansa. Umarnin nan 29 a wannan hawa na ƙarshe suke: suna iya karantawa da rubutawa a ma'adanar aisin, su sauya adireshinsa na Bluetooth, su harba ƙunshin da aka haɗa da hannu.

Me ya sa ba a toshe shi gaba ɗaya ba

Domin abubuwa da yawa ba sa yiwuwa sai da shi. Rauta ko kyamarar tsaro da aka kunna yanzu ba ta da adireshin IP, dole ta roƙa ta hanyar ƙa'idar DHCP. To ta yaya za ta yi roƙon da soket na yau da kullum alhali ba ta da adireshin da za a mayar mata da amsa? Shi ya sa udhcpc, 'yar manhajar da ke cikin ɗimbin rautoci, take haɗa ƙunshinta da hannu. Manhajar ping da Mike Muuss ya rubuta a Disambar 1983, wadda duk mai gyaran netwok ke fara bugawa in an ce intanet ta ɗauke, da ɗanyen soket aka gina ta. Haka manhajojin da ke kama ƙunshi don a gano inda matsala take.

A masana'antu abin ya fi haka. Ƙa'idar GOOSE da ake amfani da ita a tashoshin rarraba wutar lantarki tana hawa kan Ethernet kai tsaye, ba ta bi ta IP, domin saƙon "katse wuta" dole ya isa cikin 'yan milisakan kafin taransifoma ta ƙone. EtherCAT da PROFINET da ke sarrafa injinan masana'anta su ma haka. Injiniyan da aka hana shi wannan hawa an hana shi aikinsa ne.

Illar kuwa a fili take. Wanda zai iya rubuta adireshin mai aikowa da kansa zai iya yin ƙarya a kai, ya jefi wani da ambaliyar ƙunshi ba a gane daga ina ba, ko ya yi shigar rauta ya ja zirga-zirgar maƙwabta ta biyo ta wajensa.

Yadda manyan kwamfutoci suka sasanta

Gardamar ta taɓa tashi da zafi a 2001, lokacin da Microsoft zai fitar da Windows XP da cikakken ɗanyen soket. Steve Gibson, wani masanin tsaro a Amurka, ya yi ta gargaɗin cewa za a mayar da kwamfutocin gida makaman kai hari, tunda kusan kowa yana shiga kwamfutarsa ne da cikakken iko. Wasu masana suka ce ya zuzuta, domin mai kutsen da ya riga ya kame kwamfuta zai iya girka nasa direban ko an toshe ko ba a toshe ba. A 2004, a babbar sabuntawa ta biyu, Microsoft ya taƙaita: ba a aika bayanan TCP ta ɗanyen soket, ba a kuma aika UDP da adireshin bogi.

Linux ta bi wata hanya. Tun daga fitowa ta 2.2 a 1999 aka rarraba ikon babban mai gudanarwa gida-gida, ɗaya daga ciki shi ne CAP_NET_RAW, wanda sai manhaja tana da shi za ta buɗe ɗanyen soket. A 2011 kuma aka ƙara wani soket na musamman da ke bai wa ping damar aiki ba tare da wannan izini ba. Wannan shi ne salon da ya fi karɓuwa: a duba ainihin abin da mai aiki ke buƙata, a yanka masa shi kaɗai. Wayoyin Android a kan wannan suke, shi ya sa manhajar da ka sauke daga Play Store ba ta iya buɗe ɗanyen soket sai an fasa kullen wayar an sami cikakken iko a kanta. Ko da hakan izinin bai daina jawo matsala ba. A 2020 an gano wata ɓaraka a lambobin AF_PACKET, CVE-2020-14386, wadda mai wannan izini zai iya bi ya kame babbar manhajar baki ɗaya, ga shi kuma Docker, tsarin da ake yawan gudanar da manhajoji da shi a manyan kwamfutoci, yana bayar da izinin kai tsaye in ba a cire ba.

Duk wannan sasanci ya dogara ne a kan abu guda: akwai katanga tsakanin manhaja da cibiyar babbar manhaja, kuma akwai mai duba izini a bakin katangar.

Inda babu katangar

A nan ƙananan na'urori suka sha bamban, kuma a nan yawancin rahotannin Maris suka yi tuntuɓe. ESP32 na asali, wanda ya fito a 2016, yana da ma'adanar aiki ta kilobayit 520 kacal. Ba ya ɗaukar Linux. Yana aiki ne da FreeRTOS, 'yar ƙaramar babbar manhajar da Richard Barry ya fara a 2003 kuma Amazon ya karɓi ragamarta a 2017, tare da lwIP, tsarin sadarwar da Adam Dunkels ya rubuta a wata cibiyar bincike a Suwidin. A irin wannan gini, manhajar da injiniya ya rubuta da babbar manhaja da direba duk ana narka su ne su zama dunƙule guda a loda wa aisi. Babu mai amfani na ɗaya da na biyu, babu babban mai gudanarwa. Duk layin da ke gudana yana iya taɓa ko'ina a ma'adana.

Saboda haka hujjar Espressif tana da ƙarfi: a yawancin na'urori, wanda zai iya aika umarnin nan 29 ya riga ya mallaki aisin, umarnin ba su ƙara masa komai ba. Amma hujjar Tarlogic ba ta faɗi ƙasa banza ba. Akwai na'urorin da ESP32 ke aikin rediyon Bluetooth kawai, wata ƙwaƙwalwa dabam ke ba shi umarni ta waya. A nan wanda ya kutsa babbar ƙwaƙwalwar zai iya dasa abu a cikin ESP32 ɗin, ya zauna daram ko an wanke babbar an sake loda mata manhaja. Haɗarin na mataki na biyu ne, ba na shiga daga titi ba. Dalilin gyaran ke nan, kuma dalilin janye kalmar ke nan.

Tunda babu mai duba izini a ciki, kamfanoni sukan sa shingen a cikin direban kansa. Ƙasan direban Wi-Fi na ESP32 a rufe yake, Espressif ba ya fitar da lambobinsa. Akwai aikin da ake kira esp_wifi_80211_tx da ke bai wa injiniya damar harba ɗanyen ƙunshin Wi-Fi, amma wasu nau'o'i kaɗai yake yarda da su. Ƙunshin da ke cewa "an sallame ka daga wannan netwok" yana cikin waɗanda aka hana. Dalili shi ne a tsohon tsarin Wi-Fi wannan ƙunshi ba shi da hatimi, kowa zai iya ƙirƙirarsa da sunan rauta ya kori duk wanda ke kai. An yi ta haɗa 'yan na'urorin kora da ESP8266, yayan ESP32, a kan kuɗi ƙalilan. Ba yara masu wasa kaɗai ba: a Oktoban 2014 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ci tarar Marriott dala 600,000 saboda wani otal ɗinsa a Nashville yana korar Wi-Fi ɗin da baƙi suka zo da shi a zauren taro.

Shingen direban bai daɗe ba masu sha'awa suka gano yadda ake tsallake shi, abin da ba mamaki tunda aisin a hannunsu yake. Maganin da ya yi aiki daga wani wuri ya fito: ƙa'idar 802.11w ta 2009 ta sa wa irin waɗannan ƙunshi hatimi, sabon tsarin tsaron Wi-Fi na WPA3 kuma ya wajabta shi tun 2018.

Wasu ƙananan manyan manhajoji, irin su Zephyr, suna ƙoƙarin gina 'yar katanga ta amfani da sashen kare ma'adana da ke cikin wasu aisi. Yana cin ma'adana da lokacin injiniya, don haka ba kowane mai ƙera kayan araha ke kunna shi ba.

Abin da manyan hare-hare suka nuna

Mirai ita ce misalin da masu son a kulle da masu son a buɗe duk ke kafa hujja da shi. A 2016 wannan muguwar manhaja ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ta yi amfani da su ta durƙusar da kamfanin Dyn, mai fassara sunayen shafukan intanet zuwa adireshinsu, ranar 21 ga Oktoba, Twitter da Netflix suka ɗauke wa jama'a da dama a Amurka. Wani reshenta aka juya kan kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, har kotu a Landan ta ɗaure Daniel Kaye, wanda ya kai harin, wata 32 a Janairun 2019. Gaskiya ne Mirai tana amfani da ɗanyen soket wajen lalube intanet da sauri da wajen harba ambaliya. Sai dai ba ta nan ta shiga ba. Ta shiga ne ta ƙofar Telnet, wata tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, da aka bari a buɗe, tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sa wa kaya, irin su admin da 12345.

Sauran manyan ɓarakokin ma ba a wajen aikawa suke ba, a wajen karɓa suke. URGENT/11 da kamfanin Armis ya bayyana a 2019 a cikin babbar manhajar ƙananan na'urori ta VxWorks, da Ripple20 na 2020 mai rauni 19 a tsarin sadarwar kamfanin Treck, da Amnesia:33 a ƙarshen 2020, duk labari ɗaya ne: an aiko wa na'ura ƙunshin da aka murɗe goshinsa da gangan, ta karanta ba ta bincika ba, ta rikice. Maharin a kwamfutarsa yake haɗa ƙunshin, toshe ɗanyen soket a na'urar da aka kai wa hari ba zai hana komai ba. Kuma masu binciken da suka gano ɓarakar da irin wannan kayan aiki suka gano ta.

Adireshin bogi ma yana da magani a hannun kamfanonin intanet. Tun shekarar 2000 takardar BCP 38 ta ba da shawarar kowane kamfani ya jefar da ƙunshin da ya fito daga cikin gidansa ɗauke da adireshin da ba nasa ba. Har yanzu ba kowa ke yi ba, domin mai kashe kuɗin dabam, mai cin moriyar dabam.

Masu kullewa, masu buɗewa, da doka

Masana'antu da hukumomin rediyo suna ganin kullewa ita ce kariya. Hujjarsu ba ta tsaro kaɗai ba ce. Direban da aka sake wa kowa zai iya ƙara ƙarfin sigina ko ya hau mitar da ba tasa ba, kuma an sami rautocin mita 5 GHz suna shiga wa na'urorin hasashen yanayi na filayen jiragen sama a Amurka. Wannan ya sa FCC ta tsaurara ƙa'ida a tsakanin 2014 da 2016. TP-Link ya zaɓi hanya mai sauƙi, ya hana loda wata manhaja dabam a rautocinsa na Amurka.

Masu buɗaɗɗiyar manhaja irin ta OpenWrt, wadda ake loda wa rauta a madadin ta kamfani, suka ce an jefar da jariri tare da ruwan wanka ba don komai ba sai lalaci. Rautar da kamfani ya daina sabuntawa, in a kulle take ta zama shara mai haɗari, in a buɗe take jama'a za su ci gaba da toshe mata ɓaraka. A Agustan 2016 FCC ta ci tarar TP-Link dala 200,000 kan karya ƙa'idar ƙarfin sigina, ta kuma sa ya amince ya yi aiki da masu buɗaɗɗiyar manhaja, alamar cewa sashen rediyo take so a kulle, ba dukan na'ura ba. Matsalar ita ce a aisi mai araha raba biyun yana da tsada.

Sababbin dokoki ba su ambaci ɗanyen soket ba ko kaɗan. Dokar Birtaniya da ta fara aiki ranar 29 ga Afrilun 2024 ta haramta sayar da na'ura da kalmar sirri guda ga kowa, darasin Mirai ke nan kai tsaye. Ƙa'idar Tarayyar Turai mai lamba 2022/30 ta zama tilas ga kayan rediyo masu hawa intanet daga 1 ga Agustan 2025. Babbar dokar juriyar kayan dijital ta Turai kuwa ta fara aiki a Disambar 2024, aka sa wajibcin kai rahoton ɓaraka daga Satumbar 2026, sauran daga Disambar 2027, kuma ta nemi a riƙa sabunta kaya aƙalla shekara biyar sai in tsawon rayuwar kayan bai kai haka ba. Amma hanyar da ta fi wa masana'anta sauƙin cika sharuɗɗan ita ce su sa na'ura ta ƙi tashi da duk manhajar da ba ta ɗauke da hatiminsu. A ESP32 ana yin haka ne ta ƙona wasu 'yan fis a cikin aisin, kuma in an ƙona ba a dawowa.

Abin da zai iso ga mai saye

Kano da Maraɗi ba sa ƙarƙashin dokar Turai, amma masana'antun Sin da ke yi wa Turai kaya su ke yi wa kasuwanninmu. Abu biyu na iya faruwa tare. Manyan kamfanoni za su fi son yin samfur guda ga duniya, don haka sabuwar rauta ko kyamara za ta zo da kalmar sirrinta ita kaɗai a manne a gindinta, tana kuma sabunta kanta. A ɗaya gefen, kayan da ba su cika sharaɗin Turai ba sai sun nemi kasuwa, kuma inda sa ido ya yi ƙaranci za su nufa. Hukumar NCC tana tantance kayan sadarwa kafin a sayar da su a Najeriya, amma mai sayen kyamara a kwali marar suna ba shi da tabbacin ta bi ta wannan layi.

Masu gyara su za su fi jin sauyin a jika. Yau MiFi ko rauta in manhajarta ta lalace ana yi mata filashin ta tashi, ko a buɗe ta ta karɓi layin wani kamfani. Na'urar da aka ƙona wa fis ba ta karɓar komai sai daga mai ita na asali, in ya daina tallafa mata shi ke nan. Ɗalibin da ke sayen allon ESP32 don aikin makaranta kuwa babu abin da ya sauya masa, allunan gwaji a buɗe ake sayar da su. Abin da ya kamata ya sani shi ne dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta sauraren zirga-zirgar wani da yi wa tsarinsa katsalandan ba da izini ba, don haka gwajin korar Wi-Fi a kan rautarsa ya halatta, a kan ta maƙwabci ko ta makaranta laifi ne.

Mai kwan lantarki ko makulli mai ESP32 a gida ba shi da abin yi game da umarnin nan 29 illa ya karɓi sabuntawa in ta zo. Espressif ya ce ESP32 na asali kaɗai abin ya shafa, sababbin nau'o'insa na jerin C da S da H ba su da waɗannan umarni.